Jitar Ɗan Bautar Ƙasa

Mu uku ne, tun muna ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo muke tare. Yanzu muna hayar wani ɗaki a Arkilla, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, inda muke rubuta manhajar kwamfuta ga mutanen da yawancinsu ba mu taɓa gani ido da ido ba. Aikin ya fi tafiya da dare, lokacin da gari ya yi sanyi kuma intanet ta daina ja da baya. A irin waɗannan darare ne muka kamu da son kiɗan jitar Buzaye. Tinariwen muka fara saurara, 'yan Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012, sannan Bombino na Agadas, daga nan muka faɗa hannun Mdou Moctar, ba mu sake fita ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mu da shi, ashe a nan Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba, daga waya zuwa waya suka yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori har suka tsallaka hamada. Mutumin da yau yake cika dandali a Amurka da Turai ya taɓa shan ƙurar garinmu, mu kuwa a lokacin ba mu ma san ana yi ba.

Gidan da muke haya yana da mai gadi, wani dattijon Buzu daga jihar Tahoua. Baba muke ce masa. Kullum yana bakin ƙofa da rawaninsa da butar shayinsa a kan gawayi. Wata rana da dare muka fito shan iska, waya tana kiɗa, sai ɗayanmu ya lura da hannun hagun Baba a kan sandarsa. Yatsun suna hawa suna sauka, daidai da inda kiɗan yake tafiya. Muka tambaye shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sai da ya zuba mana shayi zagaye na biyu sannan ya ce da ƙuruciya ya yi kiɗan biki a garuruwansu, kuma wata shekara da fari ya yi tsanani ya sayar da jitarsa ya sayi dusa. Tun daga nan bai sake riƙe wata ba.

"In kunka samo ta, ni koya muku," in ji shi. "Abin ba ya ɓacewa ga yatsa."

A watan Janairun 2023 muka buɗe asusu. Da yake mu mutanen lissafi ne, sai da muka yi mako biyu muna bincike, muka zana jadawali, muka jera jita goma sha biyu da farashinsu. Muka tsaya a kan Yamaha Pacifica, wadda masu koyarwa da yawa suke yaba wa ga mai farawa, kuɗinta wajen dala 300. A lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, wato naira 225,000. Idan aka haɗa da ƙaramar amfilifaya da kuɗin kawowa daga Legas, muka ƙiyasta 300,000. Kowa zai riƙa zuba 10,000 a wata. Wata goma kenan. Babbanmu, wanda shi ne ma'aji, ya rufe taron da cewa sayen nagari mai da kuɗi gida.

Lissafin ba shi da kuskure ko ɗaya, ƙasar da aka ɗora shi a kai ce ta zame. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Da watan Oktoba ya zo mun cika 300,000 ɗinmu cif, amma dala ta haura 1,000, kuɗin ba su wuce na jitar ita kaɗai ba. Muka ce a ƙara wata uku. Kafin Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500. Ana cikin haka aka yi wa matar ɗayanmu aiki wajen haihuwa, muka cire 120,000 ba tare da kowa ya yi musu ba. Bayan wata goma sha huɗu muna tari, abin da ke asusu 300,000 ne, jitar kuwa ta kai 450,000. Har yanzu ba mu kai gare ta ba.

A cikin watan ne wani ɗan bautar ƙasa ya sa hoto a wani zauren WhatsApp na masu sayar da kayan hannu. A Wamakko sansanin 'yan bautar ƙasa na jihar yake, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san yadda abin yake: idan wani rukuni ya kusa gamawa, katifa da fanka da tukunyar gas sukan fito kasuwa da araha, don ba mai son jan kaya zuwa kudu. Wannan yaron jita mai lantarki ya fitar, wadda yake kaɗawa a cocinsu, haɗe da wata 'yar amfilifaya kamar akwatin rediyo. Naira 85,000 duka.

Gardamar da muka yi a daren nan ta fi duk wadda muka taɓa yi a kan aiki. Ma'aji ya ce araha ba ta ado, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Jitar da ba ta da kyau takan kashe wa mai koyo gwiwa. Idan tsirkiya ta yi nisa da wuya, sai ka danna da ƙarfi har yatsa ya tsage. Idan maɗaurin ba ya riƙewa, sauti yana zamewa, kunnenka ya saba da karkatacce ya ɗauka shi ne daidai. Ya tuna mana abin da muke gaya wa masu ba mu aiki kullum, cewa manhajar da aka yi da gaggawa don a rage kuɗi, sau biyu ake biyanta. Ya ce in muka taɓa asusun nan, ba za mu ƙara komawa kansa ba.

Ƙaraminmu bai kawo wata hujja ta sauti ko ta katako ba. Tambaya ɗaya ya yi: wa ya tambayi Baba har yaushe zai zauna?

Ba wanda ya tambaya. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni ta mutu, Baba bai leƙa gida ba. Mun san haka, mun kuma sha yi masa jaje, amma ba mu taɓa haɗa wannan da jadawalinmu ba. Muka fita muka same shi. Ya ce ai ya riga ya gaya wa mai gida, in an buɗe hanya zai yi Babbar Salla da iyalinsa, kuma ba zai dawo ba. Ƙafa ta gaji, idanu sun fara hazo.

"Ku samari kuna da lokaci," ya ce. "Ni nawa ya rage kaɗan ga wanga gari."

Washegari muka ɗauki Baba a Keke Napep muka tafi ganin jitar. An manna mata sunan wani babban kamfani a ka, amma ko mu da ba mu san komai ba mun ga harafi ɗaya ya karkace. Baba bai ko dubi sunan ba. Ya ɗaga ta ya sa ido ɗaya yana leƙen tsawon wuyan, kamar kafinta yana duba katako, don ya ga ko ya murɗe. Ya ce lanƙwasa kaɗan ana gyara ta, domin akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko a sassauta, amma murɗaɗɗen wuya ba shi da magani. Ya bi kowane gurbi yana dannawa yana sauraren ko akwai inda sauti yake mutuwa. Ya kaɗa tsirkiya a sake, ya danna ta a gurbi na goma sha biyu, ya ce dole muryar ta zama ɗaya, sai dai ta biyun ta fi tsayi. Ya girgiza wayar da ke shiga jikinta, amfilifaya ta yi ƙara kamar ana tsaga yadi. Sannan ya miƙa mana ita.

"Tana da ciwo, amma ba na mutuwa ba ne."

Muka taya 70,000, aka daidaita a 75,000.

Dole mu faɗi gaskiya, duk abin da ma'aji ya hango ya faru. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, kuma ba mu samu sababbi a kusa ba, sai daga Kano aka sako mana a mota. Hunturu ya busar da katakon wuyan har ya tsuke, bakin ƙarafan gurbi suka fito suna yankar hannu, muka kwana biyu muna goge su da 'yar zarto. Ramin waya sai da mai gyaran rediyo ya sake liƙe shi da dalma. Ga kuma gurnani. Abin da ke ɗaukar sauti a jita mai lantarki maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, kuma irin mai naɗi ɗaya yana kwaso har da kukan wutar gida. Idan aka tayar da janareta sai ka ce ƙudan zuma sun shigo ɗaki. Sau biyu tsirkiya ta ja ɗayanmu, sai daga baya muka gano wayar ƙasa ta ɗakin ba a haɗe take da komai ba, muka kira mai gyaran wuta. Kafin jitar ta zauna daidai mun ƙara kashe kusan 30,000. Ma'aji bai ce komai ba, ya dai rubuta kowace naira a jadawali, a inda kowa zai gani.

Amma daren da Baba ya fara riƙe ta, ba mu da abin da za mu kwatanta shi da shi. Ya sassauta wasu tsirkiyoyi ya ɗaure wasu, ya mai da su yadda ya saba, ba yadda bidiyoyin YouTube suke koyarwa ba. Babban yatsansa yana bugun ta sama ba tsayawa, kamar tafiyar raƙumi, manuniya kuma tana zagaya ƙananan tana ba da labari. Minti biyu na farko yatsun suna tuntuɓe. Daga nan suka tuna. Ya saukar da rawanin daga bakinsa, abin da ba mu taɓa gani ba a shekara uku, ya yi waƙa da Tamashek a hankali. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, ba kuma wanda ya nemi fassara.

Mako biyu muka samu kafin azumi ya kama, muka rataye ta. A cikin azumin ne, a watan Maris, Nijeriya ta buɗe iyakarta da Nijar. Bayan Ƙaramar Salla muka koma, kowane dare bayan isha'i, sauti can ƙasa. A ƙasar Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo kowa yana son kiɗa, amma ba kowa ke son a ce ɗansa ne makaɗin ba, kuma biyu daga cikinmu har yau ba a sani ba a gida. Baba ba ya bayani. Yakan kaɗa, ya miƙo, in ka yi kuskure ya karɓe ya sake kaɗawa. Muka naɗi duk abin da ya yi a waya, muna ɗaukar yatsunsa kusa-kusa. Ɗayanmu ya ajiye koyon a mako na biyar saboda ciwon yatsa, kuma har yanzu muna musu ko da Yamaha ce da ya ci gaba. Mai yiwuwa ne. Ma'aji kuwa, wanda ya fi kowa ƙin sayen, shi ya fi kowa zama da ita.

Wata rana muka ba Baba labarin cewa Mdou Moctar da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Mun ɗauka zai yi mamaki. Ya ce to da mi za ya yi? Su ma da gwangwani suka fara.

Ana saura kwana huɗu Babbar Salla muka raka shi tasha. Mun yanke shawara tun da dare cewa jitar tasa ce, mun naɗe ta a bargo. Ya ƙi karɓa. Ya ce inda za shi babu wuta, kuma jitar da ba a kaɗawa itace ce kawai. Muka cire 50,000 daga asusu muka sa masa a aljihu, wannan bai samu damar ƙi ba.

Sauran kuɗin suna nan, ba mu ƙara ba, ba mu rage ba. Har yanzu muna son Yamahar, kuma yanzu mun san abin da za mu duba ranar da muka je saye. Ran Alhamis da dare mukan naɗi abin da muka kaɗa mu tura wa ɗan Baba ta WhatsApp. Wani lokaci sai an yi mako biyu kafin yaron ya shiga gari ya samu sabis. Saƙon da ya zo na ƙarshe daƙiƙa goma sha ɗaya ne, ana jin iska da kukan awaki a bayansa. Baba ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce tsirkiya ta uku ta sauka, a ɗaure ta, kuma mai kaɗawar nan yana gaggawa, ina za shi?