Abin Da Na Gano A Hanyar Dutsen Chappal Waddi

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke ta aiko mini da wasiƙu kuna tambaya wai me ya sa shiru ba a ji bikina ba, alhali tun ƙarshen 2023 labari ya bazu cewa an kawo kuɗin gaisuwa. To yau dai zan fasa ƙwan kowa ta huta. Amma sai kun yi haƙuri kun biyo ni, domin zancen a kan dutse ya faro, can bakin iyakar Nijeriya da Kamaru.

Yayana ya yi bautar ƙasa a Jihar Taraba, tun da ya dawo kuwa ba shi da hira sai ta Mambila, har muka riƙa tsokanarsa ko wata Bafillatana ce ta riƙe masa zuciya. A watan Janairun 2024 sai suka shirya da abokansa za su hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Tafiyar ƙasa ce ta kwana 4, kowa da jakarsa a baya, a kwana a tanti, ɗan jagora yana gaba. Da na ji matarsa, Anti, za ta je, da matan abokansa biyu, ai sai na kafe ni ma sai an tafi da ni.

Hajiyarmu ta ce, "Ke kina da hankali kuwa? Budurwa da kuɗin mutane a kanta ta je ta kwana a daji? Me kike so duniya ta ce?" Na ce bincike zan yi saboda sabon littafina. Abba ne ya raba gardamar, ya ce tunda da yayanta za ta ba laifi, amma tantin mata daban, kuma kada ya ji an yi wasa da salla. Abu biyu na ɓoye musu. Na farko, ana fassara sunan dutsen da "dutsen mutuwa". Na biyu, ba wani bincike, gogan naku ne yake cikin tafiyar, don abokin Yaya ne, ni kuma ina so ya ga ba rubutu kaɗai na iya ba.

Shekara biyu yana zuwa zance falonmu. Shadda sai ta ɗauki ido, turare kuwa ko ya tafi sai ya kwana a kujera. Bai taɓa kirana da sunana ba sai Gimbiya. In kun karanta littattafaina kun san irin samarin da nake zanawa, to wallahi kamar daga ciki ya fito.

Daga Kano muka bi ta Gombe da Numan muka kwana a Jalingo. Washegari muka wuce Bali muka isa Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, don dutsen a cikin gandun yake kuma ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikata. An kafa shi a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawa, titi yana murɗewa kamar maciji, kunnena ya toshe, Anti ta rufe ido tana ta salati. Muna kaiwa sama sai ga wata duniya daban: tuddai jere har iyakar gani, bishiyoyin turare, shanu jajaye masu ƙiba da dogayen ƙahoni, ga wani sanyi mai ratsa ƙashi. A can ne ake noman ganyen shayi a Kakara. Muka kwana a Nguroje, da safe 'yan acaɓa suka kwashe mu zuwa wani ƙauye, Njawai, inda ake fara tafiyar ƙasa.

A nan muka gamu da jagoranmu, wani dattijo siriri mai kakin ma'aikatan daji, muna ce masa Baba. Tare da shi akwai wani ma'aikacin mai bindiga da 'yan dako 4, mu kuma mu 9. Kafin a ɗaga ƙafa ya sa kowa ya zazzage jakarsa a kan tabarma. Ni 'yasu! Atamfa kala 5, hoda, jan baki, kwalaben turare 3, littattafan rubutu, har da takalmi mai tsini wai don hoto. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "'Yata, biki za ki ko dutse?" Aka yi ta dariya. Ya ware mini rigar sanyi, bargo, rigar ruwa, tocila, gorar ruwa, dabino da kaya kala biyu, sauran aka ba matar mai gari ajiya.

Sannan ya karanta mana dokokinsa. Wanda ya fi kowa rashin sauri shi zai bi bayansa, kuma ba mai wuce shi. A riƙa kurɓar ruwa tun kafin a ji ƙishi, ruwan rafi kuwa sai an tafasa. Ba a yar da ko ledar alewa. Wanda ya ji ƙafarsa ta fara zafi ya faɗa nan take. Da ya zo kan wannan sai ya kalli kambas ɗina, sabo fil, ranar na fara sa shi, ya girgiza kai bai ce komai ba.

Ranar farko daɗi ne zalla. Muna ratsa ciyawa, muna wuce rugage, matan Fulani suna ba mu kindirmo muna cewa miyetti, kalmar da muka iya ke nan. Gogan ya karɓi jakata ya rataya, aka yi hotuna, matan suna ta yi mini tsiya, bayan kamar minti goma ya miƙa wa wani ɗan dako, yaro da bai wuce shekara 17 ba, ya ɗora a kan tasa da yaron yake ɗauke da ita tun safe. Na gani, amma a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Da yamma aka kafa tanti, muka yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana kaɗawa, muka haɗa magariba da isha muka yi ƙasaru. Ban taɓa sanin taurari suna da yawa haka ba.

Rana ta biyu ce ta tona asirin kowa. Hawa, gangara, hawa, gangara, in kin kai kan tudu kina murna sai ki hango wani a gabansa. A cikin kwari kuma kurmi ne mai duhu da sanyi, ƙasa tana santsi, birai suna ta kuka a sama. Baba ya ce a kurmin gandun nan har da manyan biran nan masu kama da mutum, sai dai mu ba mu gan su ba. Tun hantsi dugadugaina suka fara zugi, amma na yi gum, kunya nake ji a ce Gimbiya ta gaza. Tafiyata ta ragu, Baba ya dawo da ni bayansa, aka koma tafiyar hawainiya saboda ni. Daga nan na fara jin tsaki a bayana. Na ɗauka kunnena ne, sai na ji muryar da na saba ji tana yi mini kirari tana ce wa Yaya da Turanci, shi ya sa tun farko bai so a zo da mata ba.

Wajen azahar muka zo tsallaka wani rafi mai duwatsu. Yaron nan ya taka wani dutse mai gansakuka, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ruwa da jakar gogan a kansa. Ya miƙe yana rawar ɗari, jini yana bin ƙwaurinsa. Shi kuwa mai jaka ko kallon ƙafar bai yi ba, ya fizge ta ya zazzage, ya ga ruwa ya shiga na'urar cajin wayarsa. Jama'a, ban san akwai irin waɗannan kalmomi a bakinsa ba. "Ɗan ƙauye, jahili! Ka san kuɗinta? Ko sayar da kai aka yi za ka biya?" Ya ɗaga hannu. Baba ya shiga tsakani, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Alhaji, a nan ba a dukan ɗan kowa. In kayanka sun fi ƙarfin yaro, ga su nan, ka ɗauka."

Yaya ya ja abokinsa gefe, Anti ta wanke wa yaron ciwon ta ɗaure. Ni kuwa da nake cika shafi da jarumai mata masu faɗar gaskiya komai ɗacinta, ina tsaye kamar gunki, ko sannu ban iya ce masa ba. Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Da dare da na cire safa, Anti ta yi salati. Ƙafafun sun yi bororo, biyu sun fashe. Baba ya zo ya duba da tocila, ya yi mini faɗa sosai, ya ce da na faɗa tun safe da filasta ɗaya ta isa, yanzu kuwa na jawo wa kaina da mutum 14 wahala. Gaskiyarsa. Ina zaune ina matsar ƙwalla sai ga yaron yana ɗingishi da ruwan ɗumi a tukunya, ya ajiye a gabana ya ce, "Adda, ki sa ƙafa." Ba wanda ya aike shi.

A bakin wuta aka yi shawarar gobe. Gogan ya ce a bar ni a tanti da mai bindiga, kada a yi asarar kuɗi da tafiya a kasa kaiwa sama. Maganar ba ta rasa hujja, na yarda, amma ko juyowa bai yi ya tambaye ni ba, sai ka ce ana zancen buhun masara. Baba ne ya ce, "Ƙafarta ce, ita za a tambaya." Na ce zan je.

Daren nan ban runtsa ba, sanyi ga tunani. Kada ku ɗauka shaiɗan nake zana muku. Mutum ne mai kyauta, shi ya biya kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar, kuma shi ma a gajiye yake, bai saba ba. Na yi ta kawo masa uzuri. Sai dai duk uzurin da na kawo, sai in tuna gidan aure ma ai akwai gajiya, akwai ranar da zan fasa masa abu mai tsada, akwai ranar da ciki ko jinya za su sa tafiyata ta ragu. Ran nan wace murya zan ji, ta falo ko ta bakin rafi? Abin da ya fi ci mini rai kuma, na tuna yadda ni kaina na taɓa yi wa yarinyar da take taya Hajiya aiki ranar da ta ƙona mini mayafi. Kalmomin ba su da nisa da nasa.

Muna idar da asuba muka kama hanya da tocila, hazo ya rufe ko'ina, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Baba ya sara mini sanda, ya koya mini taku ƙanana, in yi ashirin in tsaya in ja numfashi, domin iska tana raguwa in ana yin sama, sai ki ji ƙirjinki yana bugu kamar ganga. Yaron ya karɓi jakata da ƙafarsa a ɗaure, na hana, ya ƙi. Gogan ya gaji da jira ya karya doka ya wuce gaba. In a littafina ne da sai in sa ya ɓata a hazo ya yi nadama, to babu abin da ya same shi, lafiya lau ya riga kowa kaiwa.

Wajen ƙarfe 11 na taka ƙololuwa. Hazo ya yaye, gajimare yana ƙasa da mu, tsaunuka sun jeru shuɗi-shuɗi, Baba ya nuna da sanda ya ce nan Nijeriya, can Kamaru. Na zauna a kan ciyawa na fashe da kuka. Gogan ya taho da fara'arsa ya ce, "Gimbiya, ai na san za ki iya! Taso a yi mana hoto." Na ce ƙafata tana ciwo.

Dawowa ba ta da labari, gangara ce da ciwon gwiwa. A Njawai aka zo sallamar 'yan dako, sai na ji ya ce a cire kuɗin na'urarsa daga ladan yaron. Bayan kwana biyu, bayan an huta, an ci an sha, ba gajiya ba fushi. Yaya bai tanka masa ba, ya ciro kuɗi a aljihunsa ya cika wa yaron. Wannan karon na buɗe baki, na ce, "Ƙanena, ka yafe mana." Na ba shi rigar sanyina.

Da muka dawo Kano na sami Hajiya a ɗaki na ce na fasa. Ta dafe ƙirji ta ce, "A kan ɗan dako? Ke wane namiji ne ba ya faɗa?" Ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Abba ya kira Yaya ya tambaye shi abin da ya faru, ya faɗi komai bai rage ba, duk da abokinsa ne tun firamare. Abba ya yi shiru, ya ce in je in yi istihara, ya ba ni wata guda. Bayan ƙaramar salla aka mayar musu da kayansu. Maganganu kuwa na sha su, wasu suka ce aljanun dutse ne suka shige ni, wasu suka ce rubutun littafi ne ya sa nake neman mijin da babu shi a duniya. Abotarsu da Yaya ta yi sanyi, wannan kam yana damuna. Shi gogan ya yi aurensa, ina yi musu fatan zaman lafiya, wataƙila ma ita ba za ta taɓa jin muryar da na ji ba. Hajiya dai har gobe in an kawo katin bikin wata sai ta kalle ni ta yi ajiyar zuciya.

Farcen manyan yatsuna biyu sun fita, sai da suka yi wata shida kafin su dawo. Masu tambayar sabon littafi kuma ku ƙara haƙuri, na kai babi na 7 na tsaya, don duk lokacin da jarumin ya buɗe baki zai yi daɗin bakinsa sai in ji biron ya ƙi tafiya. Yaya yana shirin komawa da rani mai zuwa, na riga na sayi kambas, kullum da yamma ina zagaya tsakar gida da shi Hajiya tana harara ta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.