Kwamfutar Wasa da Aljihun Ɗalibi

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama a Karantina ya san ba mu ɗauki sayen tsohon kaya abin kunya ba. Iyayenmu sun daɗe suna haɗa kayan ɗaki daga kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke nan kudancin Jidda. Da wannan tarbiyya na haɗa tawa kwamfutar wasa, da riyal 2,500 da na tara daga koyar da yaran maƙwabta lissafi. Ba ni da wasu kuɗin bayan su, kuma da kwamfutar nan zan yi aikin makaranta. Saboda haka kowane riyal sai da na tambaye shi aikin da zai yi.

Kusan rabin kuɗin na ba katin hoto, domin shi ne ke ɗaukar nauyin wasa. Na zaɓi RX 6600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, mai gigabait 8, ba ya kuma cin wuta da yawa. Tsoho na saya. Tun watan Satumba na 2022, da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, irin waɗannan katuna suka cika kasuwannin gwanjo. Wasunsu sun yi aiki dare da rana ba hutu, don haka kada ka biya sai an kunna maka wasa ka ga zafinsa, ka saurari ƙarar fankarsa.

Furosesa kuwa Ryzen 5 5600 na ɗauka. Mazauninsa, AM4, tun 2016 yake, shi ya sa allunan da ke karɓarsa suka wadata, ga araha. Na sa RAM gigabait 16, sanda biyu masu takwas-takwas, domin biyu sun fi ɗaya sauri. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo saboda buƙatar kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, don haka ka tambayi farashin ranar kafin ka yi lissafi.

Abu ɗaya ne na ƙi yarda ya zama tsoho, wato akwatin raba wuta. Idan ya ƙone, yana iya tafiya da sauran kayan, a yi sakin zari a kama tozo. Sabo na saya mai wat 550, na biya har da harajin kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ta sa tun 2020, na adana rasit. Fitilu masu launi da akwatin gilashi kuwa na bar wa masu hali. Zafin Jidda da ƙurarta fanka suke buƙata, da gida mai shigar iska.

Abokaina sun ce ba ta da kyan gani. Gaskiyarsu. Amma tana buga wasan ƙwallo da dare, da safe ta yi aikin aji, kuma ban ci bashin kowa ba, ban taɓa kuɗin da ake aiko mini na makaranta ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda ke shirin haɗa tasa, ya fara rubuta abin da ke aljihunsa kafin ya rubuta abin da ransa ke so.