In Za Ka Zungeru Da Iyali

In ka kai iyali Zungeru, garin da Gwamna Lugga ya mayar hedikwatar Arewa a 1902, fara duba inda za ka ajiye mota. Hanyar Minna zuwa Tegina ta nan ta ratsa, tirela kuwa ba ta tsayawa nan take. Sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka nisanci layin dogo da bakin gadar Kogin Kaduna, ko hoto kawai za ka ɗauka. Yara su fito ta ƙofar da ba ta kallon titi.

Zafin bazara a nan sai wanda ya gani. Kada ka kulle yaro a mota don za ka sayo kifi, ko na minti 5. In kwana za ku yi, taho da gidan sauro, garin bakin kogi ne.