Kura da Fatar Akuya a Akwatin Imel

Nakan jaddada wa ɗalibaina cewa saƙon da ya zo da razanarwa shi ya fi cancantar tuhuma. A 2003 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Swen ta bazu ta imel, ɗauke da tambarin Microsoft, tana umartar mutane su buɗe wani fayil don kare kwamfutocinsu. Duk wanda ya buɗe, da hannunsa ya shigar da cutar. Kamfanin kuwa ba ya maƙala gyaran tsaro a imel, ta Windows Update yake aikowa. Shi ya sa nake fara duba adireshin mai aikowa, musamman abin da ya biyo bayan alamar @. Bai kamata dannawa ɗaya ta salwantar da kundin binciken shekara uku ba.