Abin da ya haɗa tsohuwar motar Kombi da teburin mai gyaran waya

Yau zan ɗan kauce daga maganar caji da sikirin, amma ku biyo ni, ba nisa za mu yi ba.

Duk mai gyaran waya ya san cewa sau da yawa gyaran ba shi ne wahala ba, isa wurin da matsalar take shi ne aikin. Canza batir bai fi minti biyar ba, amma kafin ka ga batirin sai ka kunna bulawa, ka gasa bayan wayar, ka bi gefe da gefe kana yanka gam, zuciyarka na dukan uku-uku kar gilashin ya tsage ko ka tsinke wayar na'urar yatsa. Wannan ne ya sa da na fara kallon bidiyon Turawa masu gyaran tsofaffin motocin Volkswagen a YouTube, na ga ashe ciwonmu ɗaya da su. Bambancin kawai shi ne su abin da suke son cirowa ya haura kilo 100.

Motar da nake nufi ita ce bas ɗin Volkswagen da ake kira Type 2, wasu su ce Kombi. An fara ƙera ta a Jamus a 1950, kuma ba a daina ba sai a 2013 a Burazil. Mu a nan mun fi saninta a matsayin motar haya, don da irinta danfo ɗin Legas ta fara. Amma a Turai da Amurka akwai waɗanda aka mayar da su gidan tafi-da-gidanka: gado a ciki, ɗan tebur, kabad, wurin girki, wasu har rufin ɗagawa yake yi. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fi kowa suna a wannan aiki. Iyali su shiga su yi tafiyar sati biyu, inda dare ya yi nan ne masauki. Har yau mutane na riƙe da motocin nan, wasu sun haura shekara hamsin a kan titi.

Injinta a baya yake, ƙarƙashin wurin gado, kuma ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Kusoshi huɗu ne suka ɗaure shi da giyabos. Saboda haka ayyuka da yawa ba sa yiwuwa sai an sauke inji gaba ɗaya: canza kuloci, canza robar mai da ke bayan filawil, ko buɗe kan silinda a yi masa aiki a natse. Mai irin wannan mota, in dai yana hawanta, zai sauke inji ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

To ga inda labarin yake. A ƙasan murfin inji, bayan bamba, akwai wani faifan ƙarfe da ya ratsa daga hagu zuwa dama. A motocin farko, har zuwa ƙirar 1971, wannan faifan da kusoshi aka ɗaure shi. Ka cire bamba, ka kwance faifan, ka tare inji da jak mai taya, ka kwance kusoshinsa, sai ka jawo shi baya kamar kana jawo durowa. Daga ƙirar 1972, lokacin da aka faɗaɗa ɗakin inji don ya ɗauki sabon inji mai girma, sai faifan ya koma na walda, ya zama ɓangaren bodi. Yanzu hanyar baya ta toshe. Dole ka ja inji baya kaɗan ya saki sandar giyabos, ka sauke shi ƙasa, sannan ka ɗaga bayan motar sama sosai don ka zaro shi ta ƙarƙashi. Wanda ke da gareji mai na'urar ɗaga mota bai damu ba. Wanda ke aiki a ƙofar gida shi kaɗai, da jak ɗaya da katako, shi ya san abin da ake nufi, kuma nan ne haɗari yake: mota a sama, inji a kan jak, mutum a tsugune a tsakani.

Shi ya sa wasu masu motocin 1972 zuwa sama suke yanke faifan nan su mayar da shi na kwancewa, wato su dawo da abin da motar ta rasa. A baki abu ne mai sauƙi, amma masu yin sa da kyau akwai matakan da ba sa tsallakewa.

Na farko, suna sauke inji tukuna, su cire batir, su kawar da duk tiyon fetur. Tankin mai yana nan kusa, a bayan wani bangon ƙarfe gaban inji, kuma tartsatsin injin yanka ba ya neman izini. Masu hankali tankin ma fitar da shi suke yi.

Na biyu, suna auna komai kafin su taɓa ƙarfe: faɗin da ke tsakanin kusurwoyin biyu, da ratar da ke kewaye da murfin inji. Sannan su ɗaure wata sanda ta wucin gadi daga wannan gefe zuwa wancan. Dalili shi ne faifan nan yana riƙe da kusurwoyin baya, in ka raba shi ba tare da madogara ba, bodi mai shekara hamsin zai iya motsawa, ka gama aiki murfi ya ƙi rufuwa.

Na uku, yanka. Wasu suna huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya, wasu su yanka da siririn faifai a wurin da bamba zai ɓoye layin. Daga nan sai a yi wa kowane gefe walda da faranti mai kauri, a manna noti a bayansa, a yi wa faifan da aka ciro nasa farantin, ta yadda in aka ɗaure kusoshi zai koma ya riƙe bodi kamar da. Sai a shafe duk ƙarfen da ya fito fili da maganin tsatsa da fenti, don wurin yana shan ruwa da taɓo daga taya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ɗaukar hankalina, don shi ne ya fi kama da aikinmu. Akwai roba da ta kewaye inji, tsakanin kwanon da ya lulluɓe shi da jikin mota. Fanka tana jawo iska mai sanyi daga ramukan da ke sama a gefen motar, ta hura ta kan silinda, iskar ta yi zafi ta fita ta ƙasa. Robar nan ce ke hana zafin ƙasa, da na salansa, dawowa sama. Hanyar da robar take zama ta bi ta jikin faifan da aka yanka. In mai aiki ya bar rata a nan, fanka za ta riƙa shaƙar iskar da ta riga ta yi zafi, inji ya dinga dahuwa a hankali. Ba ranar za a gani ba. Sai an hau doguwar hanya da kaya da iyali, rana ta take, sannan ya nuna hali. An yi aiki don a sauƙaƙa sauke inji, aikin kuma ya zama sanadin sauke shi.

Ku gaya mini in wannan bai yi kama da bayan waya ba. Galaxy S5 ta 2014 da farce ake buɗe bayanta a canza batir. S6 da ta biyo ta a 2015 gilashi ne da gam. Yau kusan duk wayar da ke zuwa teburina haka take. Kuma duk wadda muka buɗe, in ba a mayar da gam daidai ba, ƙura da gumi da ruwa sun sami ƙofa. Mai ita ba zai sani ba sai damina.

Akwai masu ganin yanka motar nan laifi ne. Suna cewa tsohuwar mota darajarta tana cikin kasancewarta yadda ta fito daga kamfani, kuma mai saye in ya ga an taɓa bodi zai rage kuɗi. Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Motar da ba a taɓa yi mata walda ba, wadda ake ajiyewa don nuni, ni ma ba zan so a kai mata ƙarfe ba. Amma wadda ake hawa, wadda bayanta ma tsatsa ta riga ta ci dole sai an canza faifan, ina tare da masu mayar da shi na kusa. Abin da ke da wuyar buɗewa ana jinkirta gyaransa. Mai mota ya ga mai yana ɗiga, ya tuna wahalar sauke inji, ya ce bari sai wani wata. Haka mai waya ke ganin batir ya kumbura ya ɗaga sikirin, ya ci gaba da sa ta a caji ƙarƙashin matashin kai saboda an gaya masa buɗewa akwai kasada. Ƙaramar matsala a nan take girma.

Ko hukumomi sun fara gane haka. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ta ce daga 2027 batiran na'urorin hannu su zama waɗanda za a iya cirewa a canza. Akwai sharuɗɗa da keɓe-keɓe a ciki, amma alƙiblar a fili take.

Mu kuma ba sai mun jira doka ba, akwai abin da ke hannunmu. Makon jiya aka kawo mini waya da matsalar wurin caji kawai. Wanda ya gyara ta kafin ni ya rufe bayanta da sufa gulu. Na gaya wa mai ita gaskiya tun kafin in taɓa, cewa murfin nan ba zai fita lafiya ba. Haka kuwa aka yi, ya biya kuɗin wurin caji, ya ƙara da kuɗin murfi, a kan laifin da ba nasa ba. Da an yi amfani da B-7000 ko T-7000, da zafi kaɗan ya isa ya sake shi. Bambancin kuɗin gam ɗin bai kai na ruwan leda biyu a kan waya ɗaya ba.

Don haka 'yan uwana masu sana'a, musamman ƙannenmu masu koyo, in za ku rufe waya ku tuna wani zai sake buɗe ta, wataƙila ma ku ne. Ku mayar da kowace kusa raminta, kar ku bar guda biyu a kan tebur ku ce ba komai. Ku kankare tsohon gam kafin ku sa sabo, ku bi gefen duka ba tare da rata ba, ku matse ta ta bushe kafin ku miƙa wa mai ita. Ku kuma masu kai gyara, ku tambayi mai gyaranku da wane gam zai rufe, haƙƙinku ne.

Wanda ya taɓa sauke injin Kombi ko Beetle a cikin iyayenmu kanikawa, ina son jin yadda kuke yi a zamaninku. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.