Sarƙar Hajiya da na mayar Bitcoin

A ƙarshen 2021 ina da ɗan jari a kasuwar hannun jari ta Amurka, yawanci na kamfanonin fasaha, ina saye ta manhajar waya. Farashi ya yi sama har ya fara ba ni tsoro, na shiga neman abin da zan jingina da shi ranar da kasuwa za ta juya. A majalisarmu kuwa bakin kowa ɗaya: Bitcoin ne zinaren zamani, adadinsa ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, babu gwamnatin da za ta buga ƙari.

Da kuɗina kaɗai na zuba, da abin ya zo da sauƙi. Mahaifiyata tana da sarƙa da awarwaro biyu da ta sayo a Makka, ajiyarta ta ranar buƙata. Na yi mako biyu ina lallashinta. Ta ce, "Shi wannan abin naka, ana riƙe shi a hannu?" Na ce, "Hajiya, zamani ya canja." Ta yi shiru, sannan ta kwance ƙullin ta miƙo mini. A Sabon Gari mai zinaren ya goga su a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, ya zabge kuɗin ƙira. Kafin magariba kuɗin sun zama lambobi a wayata.

A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa. Masu jari suka shiga sayar da duk abin da ke da haɗari, ba su ware kirifto irin su Bitcoin ba. Ma'aunin hannun jari na Nasdaq ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekarar. Bitcoin, da ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya gangaro wajen 16,000 bayan rushewar kasuwar kirifto ta FTX. Zinare kuwa ya ƙare shekarar kusan inda ya fara, wajen dala 1,800 kowace oza. Ashe abin da na kira garkuwa da hannun jarin nawa mutane iri ɗaya ne ke sayen su, tsoro ɗaya ne kuma ke sa su sayarwa.

Na san za a ce da na yi haƙuri, ai Bitcoin ya haura dala 100,000 a Disamban 2024. Haka ne, kuma zinaren ma ya taɓa zubewa sosai tsakanin 2011 da 2015. Amma ni kariya na je nema, kuma lokacin da rashin lafiya ya shigo gidanmu a ƙarshen 2022, dole na sayar a kan faɗuwa.

Hajiya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Darajar naira ta zube, giram ɗin zinare ya ninka, har yau awarwaro ɗaya kawai na iya mayar mata.