Zaman Lakwaja

Yawancin mutane ta tagar mota suka san Lakwaja. Matafiyi daga Abuja zuwa kudu yakan yada zango, ya ci kifi, ya koka da zafin rana, ya wuce. Mu da aka yanke mana cibiya a nan mun san garin ya fi ƙarfin zango.

A nan Kogin Kwara yake haɗuwa da Binuwai. Wanda ya hau Dutsen Patti da hantsi zai hango ruwayen biyu sun jero, kowane da launinsa, kafin su gauraya su nufi teku. Mutanen garin ma haka suke. Oworo da Nufawa da Igala da Igbira da Kakanda da Hausawa kasuwa ɗaya suke ci, har yaro yakan tashi da harsuna uku tun bai shiga aji ba. Tarihi kuwa a ƙafa ake taka shi. A nan Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, a nan kuma Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi suka ƙare kwanakinsu bayan Turawa sun raba su da gadon sarauta.

Daɗin garin yana cikin matsakaicin girmansa. Ya zama babban birnin Jihar Kogi a 1991, ya sami Jami'ar Tarayya a 2011, amma har yau kifi daga kwalekwale yake zuwa tukunya, ma'aikaci kuma yana iya komawa gida ya ci abincin rana da iyalinsa.

Sai dai kogin da ke ciyar da mu yakan karɓi ladansa. A 2012 da 2022 ambaliya ta shanye gidaje a Ganaja da wasu unguwanni, ta datse hanyar Abuja kwana da kwanaki. Aikin yi ma ya yi ƙaranci, shi ya sa yawancin abokan karatuna suka tattara takardunsu suka yi Abuja.

Ni na zaɓi zama, domin gari ba ya gyaruwa da kewar waɗanda suka tafi. A hana gini a hanyar ruwa, a yashe kogin jirage su dawo, a kafa masana'antar sarrafa kifi da shinkafa. Ran da aka yi haka, matafiyi zai sauke kayansa ya nemi ɗakin haya.